Aron Numfashi a Tsibirin Walanga

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa tudu ya zurfafa teku, ya sa zuma a gidan mai harbi, ya ɓoye sauƙi a cikin dafi. Ku matso kusa, ku da kuka zo aski, yau aska za ta huta baki ya yi aiki. Ni ne Nomau wanzami, mutumin Gangaren Makuba a ƙasar jajayen duwatsu, kuma abin da zan faɗa muku idona ya gani, jikina ya ji.

Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayata Tasalla ce ta goye ni ta raine ni da sana'arta ta ginin tukwane. Wata rana tana gashi, tulin tukwanen ya rufta, wuta ta kwanta mata a hannun dama tun daga kafaɗa har yatsu. Ƙunar ta warke, amma zafin ya ƙi tafiya. Ko iska ce ta shafi hannun sai ta ciji leɓe. Macen da dariyarta ke tsallake katanga ta koma zaune a kusurwar ɗaki tana rungume da hannu kamar jariri. Na yi mata tsaga, na kafa ƙaho, na haƙo saiwoyin da na sani da waɗanda aka kwatanta mini, duk kamar ana zuba ruwa a rariya.

Ana nan sai wani bafatake ya zauna a tabarmata. Ina cikin yi masa aski ya ji nishinta daga cikin gida, ya tambaya, na gaya masa. Ya ce, "Wanzam, can inda ƙasa ta ƙare akwai wani dodon-koɗi na teku mai farautar kifi. Dafinsa yana kashe ƙato kafin ya gama salati, amma na ji masu jirgi na cewa mutanen tsibirin Walanga suna kashe zafi da shi. Ji na yi, ban gani ba."

Da na gaya wa Yaya Tasalla zan tafi, ta ce, "Haba ƙanena, kan jita-jitar fatake za ka bar gida? Ni na saba."

Na ce, "Yaya, ke kin saba, ni ban saba da ganinki haka ba."

Na bar ta a hannun matata, na rataya zabira, na bi ayari kudu.

Muka ƙetare filin gishiri, inda ƙasa ke ɗaukar hoton sama har raƙuma su riƙa takawa a kan gajimare. Muka ratsa kurmin da itatuwansa ke naɗe ganye in sun ji muryar mutum, ayari ya wuce shiru kamar masu bin gawa. Daga nan muka isa Birnin Zarumbu, inda na fara ganin ta kaina.

A Zarumbu gemu shi ne daraja. Attajiri yana tafe bayi na ɗauke da gemunsa a faifai, talaka kuwa ya naɗe nasa a wuya. Aska a wurinsu makamin kisa ce. Masu gadin ƙofa suka zazzage zabirata, suka ga asake jere, suka yi kururuwa, sai ga ni a kurkuku. A nan na tarar da wani dogon dattijo, Malam Arzika, makaɗin gurmi, wanda aka tsare don ya yi wa gemun wani basarake waƙar da ba ta yi daɗi ba. Ya yawata duniya, kowane harshe yana da ɗan guntunsa a baki kamar yadda yake da guntun goro a kunci.

Ya ce, "Wanzam, gobe in an kai mu gaban alƙali, kai dai ka yi ta gyaɗa kai."

Alƙalin nan gemunsa ko cibiya bai kai ba, abin kuma yana cinsa. Ya ɗaga askata da yatsu biyu ya ce, "Mene ne wannan?"

Arzika ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya gafarta malam, wannan bawan Allah likitan gemu ne. Ba ka ga zogale ba? In an sare kansa ai sai ya fi tofo. A ƙasarsu haka ake yi, shi ya sa gemun sarkinsu sai an ɗora wa jaki."

Alƙali ya kalli haɓata, wadda take tas kamar ƙwai. Arzika ya yi maza ya ce, "Shi an hana shi ajiyewa, kada ya fi sarki." Ni dai ina ta gyaɗa kai. Alƙali ya sallami jama'a, ya ja mu soron ciki, na datse masa bakin gemu kaɗan na shafe da man kaɗanya. Arzika ya ce maganin ba ya kamawa sai likita ya yi nisa da gari. Aka raka mu har ƙofar kudu da guzurin dabino. Ban san abin da gemun nan ya zama ba, ban kuma koma tambaya ba.

Tun daga ranar muka zama abokan tafiya, har muka isa Bandaru, garin da ke bakin teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, na tsaya ina ta kallo. Muka yi ta tambayar jirgin Walanga, kowa ya girgiza kai, sai wani sarkin jirgi mai suna Marjanu, mai fara'a da zoben azurfa a kunne. Ya ce zai kai mu kyauta, in dai za mu taya shi tsintar katantanwa a hanya, don matan sarakuna na son ta a wuya. Akwai wasu baƙi uku a jirgin da ya yi wa irin wannan alheri, manoma ne da fari ya koro. Ban tambayi kaina dalilin da zai sa mai ma'aikata cike da jirgi ya nemi baƙi su yi masa tsinta ba.

Bayan tafiya mai tsawo, wata safiya jirgi ya tsaya kusa da wani fili na murjani, dutsen nan da ke tsirowa a teku, wanda ruwa ya janye daga kansa. Can nesa ana hango tsibiri mai itatuwan kwakwa. Aka sauke mu mu biyar, kowa da kwando, ma'aikatan jirgi kuwa ko ɗaya bai sa ƙafa a ruwa ba. Marjanu ya nuna mana samfuri ya ce, "Irin wannan. Ku ɗauka da hannu, ba ta cizo."

Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba. Tsawonta kamar ɗan yatsa, kai faffaɗa gindi tsini, tana sheƙi kamar an shafe ta da mai. Jikinta ruwan ƙasa ne da zanen farare masu kusurwa uku, manya da ƙanana, sun hau juna kamar bukkokin rugar da aka hango daga kan dutse. Na sunkuya a wani ɗan kududdufi na ga guda, rabinta a binne cikin rairayi. Na miƙa hannu ke nan sai na ga ta zuro wani siririn abu ja kamar zare, yana lilo a ruwa. Wani ɗan kifi ya zo ya sunsuna. Ban ga harbin ba, sai dai na ga kifin ya sandare kamar tsinke. Dodon ya buɗe baki kamar bakin jaka, ya jawo shi ciki a hankali ya haɗiye.

Na janye hannuna. Ga abin da na baro gida dominsa, ga shi kuma an aiko ni in ɗauke shi da tafin hannu. Na kira sauran na ce kada wanda ya taɓa. Muka karya sandar Arzika muka tsaga bakinta, muka riƙa ɗauka da ita muna jefawa a kwandona, don mun san in mun koma hannu wofi Marjanu zai bar mu a nan.

Ashe ko da kaya ma barin mu zai yi. Hantsi ya ɗaga sai ga kwalekwale sun fito daga bayan tsibiri kamar jerin tururuwa, maza a tsaye da masu a hannu. Marjanu ya sa aka saki zanen jirgi, iska ta ɗauke shi, ko waiwaye bai yi ba. Sai a lokacin muka gane filin na mutanen Walanga ne, mu kuwa ɓarayi ne da ba mu san mun yi sata ba. Tsoro ya sa na rungume kwandon a cinyata. Na ji ɗan suka ta tsakanin saƙar kwandon, bai fi na ƙaya ba.

Cinyar ta mutu nan take. Leɓɓana suka fara ƙaiƙayi, Arzika ya zama mutum biyu a idona. Na ce, "Malam, ta same ni," harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, na zube a kan murjani. Idanuna suka rufe don kansu. Ina ji, ina sane, amma ko gashin ido ba na iya motsawa. Na nemi jan numfashi, ƙirjina ya ƙi amsawa, kamar ka kira yaro ya yi kunnen ƙashi.

Na ji kwalekwale sun daki murjani, na ji ihu da takun ƙafa. Abin da aka faɗa, Arzika ne ya fassara mini daga baya. Jagoransu wani ƙaƙƙarfa ne mai suna Sokoro, wanda mutanen Marjanu suka nutsar da ƙanensa a wannan fili bara. Ya ɗaga mashi a kaina ya ce, "Sulumba ta riga ni, amma zan ƙarasa mata." Sulumba shi ne sunan dodon a harshensu. Sai wata tsohuwa mai suna Umbali, ungozomar tsibirin, ta sauko daga kwalekwale ta ce, "Ajiye. Wanda Sulumba ta harba, numfashinsa yana wuyan duk mai numfashi. Ka san wannan tun kana tsirara. In ya tashi, a yi shari'a."

Na ji an ɗaga haɓata, an zura mini bututu a baki, an toshe hancina, sai iska mai ɗumi ta cika mini ƙirji. Jama'a, na sha ruwan sanyi bayan ƙishirwar filin gishiri, amma bai kai wannan ba. Ta hura, ta saki, ta danna ƙirjin, ta sake hurawa. Da ta gaji wani ya karɓa. Haka suka ɗora ni a kwalekwale ba su fasa ba, haka suka kwantar da ni a inuwa a bakin gaɓa, gari duk ya fito ya yi layi.

Ba na ganin kowa, amma na san su ɗaya bayan ɗaya. Wani numfashinsa ƙamshin kwakwa, wani ƙaurin busasshen kifi. Wata mace tana hurawa jaririnta na kuka a bayanta, tana jijjiga shi ba ta saki bututun ba. Wani tsoho huhunsa na kuka kamar tsohon zugazugi, bai daɗe ba aka janye shi yana faɗa wai bai gaji ba. Akwai masu yin waƙa ƙasa-ƙasa don a riƙe ƙa'idar hurawar. Duk lokacin da za a sauya hannu sai duhu ya taso mini, in ce shi ke nan, sai kuma wata iskar ta shigo. A ƙasarmu na yi wa mutane da yawa aiki, amma ban taɓa kwanciya haka raina a bakin waɗanda ban sani ba.

Can na ji warin goro da taba, na san Arzika ne. Kafin ya hura ya raɗa mini, "Wanzam, kada ka kuskura ka mutu, ina da dabara." Bayansa sai ga manoman nan uku, ɗaya na bin ɗaya.

Rana ta karkata, masu layi suka gaji, wasu sun zagayo sau da yawa. Sai aka yi shiru, bututu ya zauna ba kowa. Na ji muryar Umbali ta kira suna: "Sokoro." Ba amsa. Duhu ya rufe ni, kunnuwana suka fara kiɗa. Ban san tsawon shirun ba, a wurina dai shekara ce. Sai na ji hannu mai kaushi ya damƙe hancina da ƙarfi kamar zai tsinke shi, aka hura mini iska har haƙarƙarina suka yi ƙara. Da fushi ya fara. Yana hurawa yana huci, ina jin ɗumin hawaye na ɗiga a goshina. A hankali hurawar ta yi laushi, ta daidaita. Aka zo karɓarsa ya ture hannun. Shi ya riƙe ni har rana ta yi ja, kuma a hannunsa ne ƙirjina ya yi wani tsalle ya ja iska da kansa. Na buɗe ido na ga fuskarsa a jiƙe. Ya jefar da bututun ya tashi ya tafi.

Da na iya zama, aka tara dattawa. Umbali ta ce ni ba batun kisa a kaina, domin wanda ya rayu da numfashin gari ya zama ɗan gari. Sauran huɗun kuwa ɓarayi ne, hukuncinsu a mayar da su kan murjani ruwa ya dawo ya same su. Arzika ya miƙe ya yi gyaran murya, ya ce da guntun harshensu, "Iyayena, tambaya ce da ni. Wanda kuka haɗa numfashi da shi ɗan'uwanku ne?" Suka ce haka ne. Ya ce, "To, ni da waɗannan uku mun sa baki a bututun da kuka sa, iskarmu da taku sun gauraya a ƙirji guda. In za a kai tamu kan murjani, sai a fara tsince ta daga cikin taku."

Tsohon nan mai kukan huhu ya fara dariya har tari ya sarƙe shi. Kowa ya juya ga Sokoro, don shi ne mai jini. Sokoro ya ce, "Dogon nan maƙaryaci ne, amma ya hura. Na gani." Da haka muka tsira.

Na zauna a Walanga har iskar teku ta juya. Na yi wa mazansu aski, na kafa wa masu ciwon baya ƙaho, su kuma suka ciyar da ni kamar ɗan da ya dawo daga tafiya. Da na ba Umbali labarin yayata, sai washegari ta kai ni wani rami a bakin gaɓa inda take kiwon Sulumba. Ta ɗaure fatar wutsiyar kifi a bakin ɗan ƙaramin ƙoƙo, ta kaɗa shi a gaban dodon. Ya zuro zarensa ya harbi fatar, ɗigon dafi fari kamar nono ya gangara ciki. Ta mayar da shi rairayi ta ba shi kifi na gaske, ta ce, "Ba a tatsa a bar saniya da yunwa." Ta nuna mini yadda ake narkar da ɗigon a man kwakwa mai yawa, a ɗebo kaɗan a sake narkarwa a wani man, har sai ya zama inuwar dafi kawai. Ta sa na gwada a kan tsofaffin da take yi wa magani, tana tsaye a kaina, tana bugun hannuna in na cika. Ta ce, "Tsinin tsinke, ba fiye ba. Kuma kada ka taɓa shafawa sai da bututu a kusa da mutanen da za su hura."

Ranar tafiya, Sokoro ne ya fito da babban kwalekwalensa ya kai ni da manoman har gaɓar babbar ƙasa. Arzika ya ce shi ya gaji da yawo, ya sami garin da ake dariya in ya yi ƙarya, ya zauna. Da za mu rabu da Sokoro, harshensu bai ishe ni godiya ba. Na kama hannunsa na ɗora a ƙirjina. Ya bar shi a nan yana jin hawa da sauka, ya ce, "Ka riƙe da kyau. Akwai na ƙanena a ciki." Ya juya kwalekwale.

Na kewaye Zarumbu ta nesa, na iso gida da damina. Na sami Yaya Tasalla ta rame har na so in kasa gane ta. Na tara maƙwabta, na koya musu hurawa da bututun kara, suna kallona kamar na zautu a tafiya. Sannan na yi bisimilla, na yi ƙananan tsaga a kafaɗarta, na taɓa man da tsinin tsinke na shafa. Muka zauna muna kallonta. Can ta ce, "Nomau, hannun ya yi shiru." Ta kwanta a tabarma da rana tsaka, ta yi barcin da rabonta da shi tun ranar gashin tukwanen nan. Matata ta hana ko kaza ta yi motsi a tsakar gida.

Maganin bai mayar mata da ƙarfin yatsu ba, ba ta sake gina tukunya ba. Amma ya riƙe mata zafin, in ya taso a sake shafawa, haka har ƙarshen kwananta. Da ta farka a ranar, na ba ta labari tun daga farko. Ba ta damu da filin gishiri ko masu gemu ba. Ta ce, "Faɗa mini sunayensu, waɗanda suka hura."

Na ce, "Yaya, suna da yawa, kuma sunayen ba irin namu ba ne."

Ta ce, "Ina da lokaci."

Na riƙa faɗa tana maimaitawa. Umbali ta zama Ummali, Sokoro ya zama Sakaru, waɗanda ban san sunansu ba ta sa musu da kanta: Mai Kwakwa, Mai Goyo, Tsoho Mai Tari. Ta sa aka dama fura ƙwarya-ƙwarya aka kai ƙofar gida, ta fito da kanta ta zauna a kan turmi. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta riƙe ludayin ta ce, "Tsaya tukuna. Ce Allah ya saka wa Sakaru." Mutanen Gangaren Makuba, da ba su taɓa ganin teku ba, suka yi ta faɗa suna sha.

Nan labarina ya tsaya. Wanda ke kan layi ya matso, ya jiƙa kansa.